Me ya sa IGI da su Medal of Honor suka fi gem ɗin yanzu daɗi?

Wani bawan Allah ya rubuto yana cewa: “Na taso ina buga IGI da Medal of Honor da Delta Force a shagon kwamfuta na unguwarmu. Yanzu shekarata 37, ina da Call of Duty a wayata, hotonsa kamar fim, amma ko minti ashirin ba na yi sai in ajiye. Kullum hankalina yana kan na da. Da gaske sun fi ne, ko tsufa ne ya kama ni? Wani abokina ya ce saboda na da sun fi jini da ta'asa ne. Ta yaya zan sake buga su? Kuma ya dace in nuna wa ɗana mai shekara tara?”

Ɗan'uwa, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na yi shekara shida ina riƙe da shagon gem mai kwamfuta takwas kafin in koma gyaran kwamfuta gaba ɗaya, kuma har gobe akwai wata tsohuwar Pentium 4 a ƙarƙashin teburina da na hana yaran shago taɓawa. Tsufa yana ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai abubuwan da masu ƙera wasannin nan suka cire da gangan, ana iya nuna su da yatsa har da shekarar da aka cire su. Abokinka kuwa bai canka daidai ba. Jinin da kake kewa ba wanda ke zuba daga jikin abokan gaba ba ne. Naka ne, ma'aunin nan na gefen allo da muke kallo muna cewa “wayyo, jinina ya kusa ƙarewa”.

Bari in fara kawar da maganar abokin naka, don ita ce mafi sauƙi. Medal of Honor na farko ya fito a 1999 a kan PlayStation, daga kamfanin DreamWorks Interactive, kuma Steven Spielberg ne ya kawo tunaninsa lokacin da yake aikin fim ɗinsa na yaƙin duniya na biyu. Ka koma ka duba shi: babu ɗigon jini ko ɗaya. A watan Afrilu na shekarar aka yi harbin makarantar Columbine a Amurka, ƙasar ta ɗauki zafi a kan wasannin harbi, sai suka cire jinin kafin su fitar. Abin da suka bari shi ne motsi. Ka harbi sojan Jamus a ƙafa ya yi ɗingishi, ka harbi hular kwanonsa ta yi tsalle ta faɗi, ka jefa masa gurneti ya sa ƙafa ya shuro maka shi. Wannan ne ya zauna a kanka shekara ashirin da ɗoriya, ba ja a jikin bango ba.

Idan kuma jini ake nema, sarkinsa shi ne Soldier of Fortune na kamfanin Raven Software, 2000. Sun ƙirƙiri wani tsari mai suna GHOUL wanda ya kasa jikin mutum gida 26, kowane gida da irin raunin da yake yi. Hannu yana fita, ƙafa tana fita, abin ba kyan gani. Har wani tsohon sojan Amurka mai suna John Mullins suka ɗauka ya ba su shawara, suka kuma sa wa jarumin sunansa. A lardin British Columbia na Kanada hukuma ta sa shi sahun finafinan manya, kuma da na biyunsa ya fito a 2002, kwafin da aka sayar a Jamus sai da aka mayar da mutanen ciki mutum-mutumin ƙarfe. To ina yake yau? Na ukunsa ya fito a 2007 da jini fiye da na baya, bai yi armashi ba, zancen ya mutu. A shagona kuwa yara sukan taru a kansa kwana biyu suna ihu, ranar ta uku kowa ya koma IGI. Kuma jinin bai ragu ba a wasannin da suka biyo baya: Call of Duty: World at War na 2008 ya fi Medal of Honor muni nesa ba kusa ba. Da jini ne sirrin, da ba ka ajiye wayarka ba.

Yanzu mu zo kan IGI, don a nan amsar take.

Project I.G.I. ya fito a ƙarshen 2000, wani ƙaramin kamfani a Nowe mai suna Innerloop Studios ya ƙera shi, Eidos ta fitar. Masu sharhin wasanni a Turai da Amurka ba su yaba shi sosai ba, kuma babban laifin da suka kama shi da shi guda ne: ba a yin sebin, wato adana inda ka kai, a tsakiyar mataki. Matakai 14 ne, kowanne in ka mutu, ko da kana dab da ƙofar fita, sai dai ka koma farko. Abin da suka kira aibu shi ne ya mayar da shi abin da ya zama a wurinmu, da Indiya da Pakistan da Bangaladash, inda har yau ake ambatonsa kamar wani ɗan gida. Wani dalilin kuma ba ya son babbar kwamfuta. Faifai ɗaya ya ɗauke shi, kuma tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu suna jansa ba gardama.

Ka tuna yadda ake fara Trainyard, matakin farko. Kai ne David Jones, Anya tana yi maka magana ta rediyo. Ba ka ruga da gudu. Sai ka tsaya, ka ciro madubin hangen nesa ka ƙirga masu gadi, ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka ga inda suke zagayawa, ka lura da kyamarar da ke jikin bango. Ka san in ta gan ka jiniya za ta tashi, in ta tashi kuwa sojoji za su yi ta ɓullowa daga bariki kamar tururuwa. Ka san jininka ba ya dawowa sai in ka yi sa'ar allura a wani ɗaki, ita ma ba kullum ba. Saboda haka kowane harsashi da ya same ka a minti na biyar bashi ne da za ka biya a minti na talatin. Idan ka kai ƙarshen mataki da ɗan guntun jini, tafin hannunka yana jiƙe da gumi, na bayanka sun yi tsit kamar ana karanta sakamakon jarrabawa. Wannan tsoron shi ne daɗin.

A wurinmu kuma abin ya ninka, don ba sojan Ekk, shugabar abokan gaba a wasan, kaɗai ke kashe mutum ba. Lokacin da ka biya yana tafiya, mai shago yana kallon agogo, kuma ana iya ɗauke wuta a kowane daƙiƙa. Na taɓa ganin wani saurayi ya kwashe kusan awa ɗaya yana rarrafe a Border Crossing, matakin nan da ake harbo jirginka ka faɗo kusan hannu rabbana, ya kusa fita ke nan aka ɗauke wuta. Kafin in tayar da janareta ya fita waje ya zauna a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Washegari shi ya fara zuwa, tun ban gama share shago ba.

In ka sa wannan kusa da wasan yanzu za ka ga inda aka rabu. Halo ya zo a 2001 da garkuwar da ke cika kanta. Call of Duty 2 ya ɗauki dabarar a 2005 ya kawo ta fagen soja: aka cire ma'aunin jini gaba ɗaya, in an harbe ka allo ya yi ja, ka laɓe a bayan katanga daƙiƙa kaɗan ka warke sarai. Wasan yana yi maka sebin da kansa kowane ɗan taki. Ban ce wauta suka yi ba. Sun lura mutane da yawa suna sayen wasa su kasa gamawa, kuma wanda ya maƙale da jini kashi biyar cikin ɗari a gaban bindiga mai jigida yakan kashe na'urar ne ya tafi. Sun magance wannan matsalar. Amma garin gyaran gira sun rasa ido: kuskure ya daina bin mutum. Mutuwar da ba ta ci maka komai ba, tsira daga gare ta ma ba ta da ɗanɗano.

Abu na biyu da ya tafi shi ne fili. Injin IGI asalinsa na wasan tuƙa jirgin yaƙi ne da kamfanin ya yi a baya, shi ya sa kake hango duwatsu har iya ganinka kuma kana iya zagayawa ta inda ka ga dama. Delta Force na NovaLogic, 1998, haka yake: a sauke ka a bayan tudu, sansanin abokan gaba yana can nesa kamar ɗigon tawada, dabara ta rage gare ka. Operation Flashpoint na 2001, daga Bohemia Interactive a Jamhuriyar Cek, ya fi su duka tsanani, tsibiri guda aka ba ka, sebin ɗaya tak a mataki, harsashi ɗaya ko biyu ya kai ka ƙasa ba tare da ka ga wanda ya harbo ba. Daga baya har rundunonin soja suka riƙa amfani da wani reshensa wajen horo.

Hanyar da ta yi nasara a kasuwa daban ce, kuma in za a yi adalci, daga wasan da kake so ta fito. Medal of Honor: Allied Assault na 2002 shi ya kawo saukar sojan Amurka a gaɓar Omaha da ke Normandi: kana cikin kwale-kwalen ƙarfe, ƙofa ta faɗi, na gabanka suka zube, kai kuma ka yi ta gudu daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ba wanda ya buga wannan ya manta. Amma komai a tsare yake kamar wasan kwaikwayo, kowace igwa tana fashewa a inda aka rubuta mata. Mutum 22 daga cikin waɗanda suka yi shi a kamfanin da ake kira 2015 da ke Tulsa suka fice suka kafa Infinity Ward, su Vince Zampella da Jason West, suka fitar da Call of Duty a 2003. A ciki ne ake tsallaka kogin Volga da kai zuwa Stalingrad, a miƙa maka harsasai biyar ba bindiga. A lokacin abin mamaki ne. Matsalar ita ce an yi ta maimaita wannan salon shekara bayan shekara har ya zama lungu ɗaya mai ado, da alama a kan wani soja an rubuta ka bi shi. Kai da ka saba da tsayawa a kan tudu kana shawara da kanka, dole ka ji an riƙe maka hannu kamar ɗan firamare za a tsallaka titi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Faifan da ka saya a da, ko na ainihi ne ko irin wanda aka fi samu a kasuwanninmu, in ka sa shi wasan ya zama naka dukansa. Yana da farko yana da ƙarshe. Ka kashe bos, sunayen masu aiki su hau allo, ka miƙe. Call of Duty 4 na 2007, wanda ni ina ganin wasa ne na ƙwarai, shi ya yaɗa tsarin hawa matsayi da buɗe bindigogi a hankali a wasan intanet. Daga nan aka gano cewa abin da ke dawo da mutum kullum ba daɗin harbin ba ne kaɗai, har da ɗan ma'aunin da ke cika. Call of Duty na waya da ya fito a 2019, da PUBG da Free Fire, kyauta ake sauke su, don haka dole a nemi kuɗi ta wata hanya: kayan sawa, fentin bindiga, kakar wasa mai ƙarewa, akwatin sa'a. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin akwatunan nan da ake saya da kuɗi caca ne. Wasan da aka gina don kada ya ƙare ba zai taɓa ba ka abin da IGI ya ba ka ranar da ka gama mataki na 14 ba. Ga cin data, ga sabuntawar da ba ta ƙarewa. Call of Duty: Warzone na kwamfuta ya taɓa haura GB 100, alhali faifan IGI bai wuce MB 700 ba.

Akwai kuma ɗakin. Ban sani ba ko shagonku ya haɗa kwamfutocinsa da waya, amma ni ranar da na ja wayoyi na haɗa takwas ɗin nan na sa Counter-Strike, ranar shagona ya canza. Wasan ma ba kamfani ne ya fara shi ba, wasu matasa biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka gina shi a kan Half-Life a 1999, kamfanin Valve mai Half-Life ya ɗauke su daga baya. Huɗu da huɗu, kowa ya fara da dala 800 ta cikin wasa, in ka mutu ka zauna kallo har a gama zagayen. Wanda ya harbe ka yana kujera ta uku, kana jin dariyarsa, gobe kuma za ku haɗu a masallaci. Akwai mai leƙen allon maƙwabci, akwai wanda in ya riƙe bindigar harbin nesa ta AWP a filin de_dust2 kowa sai ya canza hanya. Ana zagi, amma da iyaka, domin kowa ya san gidan su kowa.

Waɗanda suke da intanet mai ƙarfi a ƙasashen waje su ma suna da irin wannan, ta hanyar saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa a intanet, da jama'a ke buɗewa da kansu. Battlefield 1942 na kamfanin DICE a Suwidin, 2002, yana ɗaukar mutum 64 a fili ɗaya da tankoki da jirage, kuma mutum yakan koma saba ɗaya kullum har ya san mutanenta. A 2009 Call of Duty: Modern Warfare 2 ya cire wannan a kwamfuta, ya ce na'ura za ta zaɓo maka abokan wasa. A 2014 aka rufe GameSpy, wadda ita ce ke nuna wa ɗaruruwan tsofaffin wasanni inda sabobin suke. Yau kana wasa da mutum tara da ba ka sani ba, minti goma a watse, ba za ku ƙara haɗuwa ba har abada.

To, ga rabon tsufa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani tsakanin ƙuruciya da farkon samartaka ya fi komai zama daram a ransa. A lokacin ba ka da kuɗin haya a wuya, ba ka da wasa hamsin a aljihu, guda biyu ne ko uku, dole ka haddace su kamar karatun allo. Ƙwaƙwalwa kuma tana tacewa. In ka koma IGI yau za ka ga mai gadi yana tsaye ka harbe na kusa da shi bai ko waiga ba, wani kuma ya hango ka daga inda ko ungulu ba za ta hango ba. Za ka ga sojoji suna fitowa daga ɗakin da ka duba yanzun nan babu kowa. Fuskoki kamar an sassaƙa da gatari. Mun kuma manta tarin wasannin banza da suka fito a shekarun nan, biyar ko shida masu kyau muke riƙe da su muna auna dukan zamani. Ɗanka in Allah ya raya shi, haka zai zauna yana ba da labarin Free Fire, kuma ba ƙarya zai yi ba.

Akwai wani abin da za ka gani in ka koma, wanda ni sai da na girma na gan shi, kuma ya ɗan rage mini zaƙin wasu daga ciki. Muna yara ba mu taɓa tambayar wa muke harbi ba. Delta Force: Black Hawk Down na 2003 an gina shi ne a kan faɗan Mogadishu na ranakun 3 da 4 ga Oktoba 1993, inda sojan Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa. Na zauna ina kallon yara a shagona suna ratsa lungunan da suka yi kama da na unguwarsu, ga kasuwa, ga gidajen ƙasa, ga mutane baƙaƙe masu zane, suna harbi suna murna, ni ma ina taya su. America's Army kuwa ba ɓoye-ɓoye: rundunar sojan Amurka ce da kanta ta biya aka yi shi, ta sake shi kyauta ranar 4 ga Yuli 2002 don jawo matasa shiga soja, kuma ya yi shekara ashirin kafin a rufe shi a 2022. Wata dabararsa ita ce kowane ɓangare yana ganin kansa a matsayin sojan Amurka, yana ganin ɗaya ɓangaren a matsayin abokan gaba. Ba wanda ya taɓa zama mugu a idon kansa.

Sakacin ma bai tsaya a da ba. A 2012 sai da aka janye taswirar Favela ta Modern Warfare 2 na ɗan lokaci, bayan Musulmi masu wasa sun lura an sa rubutu mai sunan Allah a jikin wani hoto da ke rataye a banɗaki. A 2021 Activision, mai fitar da Call of Duty, ta ba da haƙuri ta cire shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a wani sashe na Call of Duty: Vanguard.

Wasannin yaƙin Hitila kuwa laifinsu na rashi ne. Mun sauka Normandi sau ba adadi, mun kare Stalingrad, amma ba mu taɓa shiga dajin Boma tare da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ba, inda dubban kakanninmu suka yi yaƙi da Japan, da yawansu kuma da Hausa ake ba su umarni. Sai a 2018 Battlefield V ya ba da labari ɗaya na sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi a 1944. Ban ce ka daina son wasanninka ba, ni ma ban daina ba. Amma wanda ya girma a shekarun da ƙarar bindiga ta daina zama abin fim a yankinmu, ba zai ji ƙarar AK-47 ta cikin sifika kamar yadda ya ji ta a 2003 ba. Na san wani tsohon abokin wasanmu da ya bar harbi gaba ɗaya ya koma ƙwallo, bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Yadda za ka sake buga su ba wuya. Kowace kwamfutar tafi-da-gidanka ta yanzu ta fi ƙarfinsu. Matsalar ita ce Windows ta canza. Ko kana da tsohon faifai na ainihi, mai yiwuwa ya ƙi tashi, domin Windows 10 ta daina karɓar SafeDisc, makullin da ake sa wa faifai a wancan zamani. Mafi sauƙi shi ne shagon GOG, wanda aikinsa ke nan, gyara tsofaffin wasanni su yi aiki a sabuwar kwamfuta ba tare da makulli ba. Akwai Allied Assault da Soldier of Fortune da Return to Castle Wolfenstein a can. Call of Duty na farko da na biyu da Counter-Strike suna Steam. Operation Flashpoint sunansa ya koma Arma: Cold War Assault, kada ka yi ta nema da tsohon suna. IGI na farko ya fi taurin kai; in hoton yana rawa ko allo ya yi baƙi, ƙaramar manhajar dgVoodoo2 takan daidaita shi, ka kuma sa shi a yanayin dacewa da Windows XP. Masoya sun sake gina injin wasu da kansu, irin su iortcw da ET: Legacy na wasannin Wolfenstein, kuma ta nan har yau ana samun abokan wasa a intanet. Na PlayStation 2, irin su Medal of Honor: Frontline da Black, manhajar PCSX2 tana ɗaukarsu a kwamfuta. A waya kuma manhajar PPSSPP tana buga Medal of Honor: Heroes, sai dai harbi da yatsa a kan gilashi wahala ce, ka nemi hannun gem. Gargaɗi ɗaya daga mai gyara: shafukan nan masu cewa ka sauke IGI kyauta cikin MB kaɗan, kwamfutoci da yawa da aka kawo mini da cuta daga can suka kwaso ta.

In kuma sabon wasa kake so mai tsohon hali, ka gwada Arma 3 ko Insurgency: Sandstorm ko Hell Let Loose, in kwamfutarka da intanet ɗinka za su ɗauka. A cikinsu mutuwa tana da tsada har yanzu.

Game da yaron, ni ba zan nuna wa ɗan shekara tara Soldier of Fortune ba, ko World at War, ko Black Hawk Down. Harafin da ke jikin kwali ba ado ba ne: tun 1994 hukumar ESRB ta Amurka take sa shi, M na nufin shekara 17 zuwa sama, T na nufin 13. Medal of Honor na farko da Allied Assault da Call of Duty na 2003 duk T ne, ka ga su ma ya rage masa shekara huɗu. Ba don ina ganin gem zai mayar da shi ɗan ta'adda ba; ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta faɗa a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ke danganta wasannin nan da aikata ta'asa a zahiri, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa da zafin rai, irin su tsawa da ture-ture. Abin da na gani da idona a shago shi ne ƙananan yara suna tsorata su ɓoye tsoron don kada a yi musu dariya, sai uwa ta zo da safe tana tambayar me aka nuna wa ɗanta ya hana ta barci. Ni na fi jin tsoron wasan wayar da ke hannunsa yanzu, mai magana da baƙi da maɓallin saye, fiye da tsohon faifai.

In ya kai sha uku, ka zaunar da shi kusa da kai a kan Allied Assault, ku riƙa karɓa-karɓa, wanda ya mutu ya miƙa linzami. Ka gaya masa su wane ne a gaɓar nan da shekarar da abin ya faru, 1944, ka kuma gaya masa a wannan shekarar ina mutanenmu suke. Kai kuma kafin lokacin, ka nemo uku daga cikin abokan shagon nan naku, kowa ya zo da kwamfutarsa ranar Asabar, a haɗa su da rauta ɗaya ko ba data, a sa Counter-Strike 1.6. Ka tabbata an cika batir, kuma a ajiye wayoyi a ɗaki na daban.